Ɗan Mai Lagireto

Watan huɗu a Samaru,
kwalta ta yi laushi kamar nakiya.
Barira ta sauko daga acaɓa rungume da kwamfutarta,
ta ce: tana kaiwa hawa na uku sai ta mace.
Asibiti take zanawa, aikinta na fita daga jami'a,
hawa biyar,
amma na'urar ba ta taɓa ganin rufinsa ba.

Na duba ma'auni: casa'in da bakwai.
Saura uku ta dafa mana shayi.

Na ce, sai dai mu ba ta ruwa.
Ta yi mini kallon wanda ya ba akuya ajiyar dusa.
Ruwa da lantarki?
A gidansu ko da danshin alwala ba a taɓa soket.

Tsohona, Malam Tanimu, shekara talatin a Kwangila
yana toshe lagireton tirela da dalma.
Na guje wa ƙaurin wutarsa,
na zaɓi sana'ar da ba ta baƙanta farce.
Yau ga kwali daga Legas,
na buɗe, sai ga sana'ar tsoho an rage mata tsawo:
lagireto kamu guda, fanka uku,
famfo kamar gwangwanin madara,
tiyo mai nuna cikinsa,
da farantin jan ƙarfe mai siraran tsaga
da zai kwanta a goshin ƙwaƙwalwar.

Ba ruwan rijiya ba, ba na 'yan garuwa ba.
Tatacce, irin na batir,
da ɗigon magani kada gansakuka ta kama haya.

Na cika, na karkata akwatin har kumfa ta gama gyatsa,
na kunna famfo shi kaɗai,
na shimfiɗa farar takarda ƙarƙashin kowace gaɓa,
na kwana a zaune kamar mai jinya.

Da ladanin Hayin Dogo ya yi kiran farko
sai ga shi:
ɗigo ɗaya, bai kai ƙwayar gero ba.
Na ƙara ɗaurewa.
Ya zama biyu.

Da hantsi tsoho ya biyo cajin waya.
Bai san inda ake kunna kwamfuta ba,
amma ya shafa gaɓar da babban yatsa,
wannan yatsan da wuta ta cinye wa zane,
ya ce: ka matse ta da yawa.
Roba ba ta son fushi.
Sake mata sabon zobe, ka sassauta rabin juyi.

Takarda ta wuni a bushe.

Sai na zauna koya mata hali.
Na ja layi a allo, daga ƙasa yana hawa:
in ruwa bai kai talatin da biyar ba, fankoki su yi raɗa;
in ya haura arba'in, su ɗaga murya;
in famfo ya tsaya,
kada ki yi jarumta, ki ɗauke numfashi ki kwanta.

Barira ta dawo bayan la'asar.
Hawa na uku.
Ta kama bakin mayafinta ta cije.
Na huɗu.
Ruwa na zagaye a tiyo, shiru kamar Kubanni da rani.
Na biyar, sannan rufi, har da tankin bisa.
Ma'auni: sittin da biyu.

Ta share goshi ta ce, amma shagon nan ya ƙara zafi.
Tsoho yana kan benci, bai ɗago daga wayarsa ba.
Ya ce: ai zafi ba ya mutuwa, 'yata,
ƙaura yake yi.
Namu dai mu nuna masa ƙofa.

Da ta tafi ya tambaye ni kuɗin ɗan lagireton.
Na faɗa masa.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi,
ya ce da na kawo masa awo,
akwai ragowar jan ƙarfe a bayan rumfa.