Awon Hannun Asta

Tana barci na auna ta.
Zaren buhu, daga kafaɗa zuwa kan yatsa,
na yi ƙulli inda hannun ya ƙare.
Shekara bakwai, duka-duka kamu ɗaya da 'yan kai.

Wata uku ke nan tana kaɗa wayar birki
da ta tsinta a garejina,
ta ɗaure a gwangwanin madara da guntun katako.
Uwarta ta ce kunnenta ya gaji.
Ni kuwa, tsugune gaban babur ɗin mutane,
sai in tarar na ajiye sifana ina saurare.

Ran Asabar na rufe gareji da hantsi.
Jaka talatin a aljihun ciki, zaren a na waje.
Garwa ta ɗau zafi, kwalta na kama takalmi,
Binuwai ta janye ta bar wa masu wanki yashi.

Shagon Baba Tizi na bayan masu gyaran rediyo.
Lasifikoki jibge kamar buhunan gyaɗa,
jitoci a rataye, kamar kifin Lagdo da aka shanya.
Ya sauko min da wata ja mai walƙiya.
Na miƙa zarena a wuyanta,
ƙullin ya tsaya rabin hanya.
Na ce, wannan sai ta yi shekara goma tana miƙa.

Ya kawo wata ƙarama, sabuwa fil a kwali.
Na runtse ido ɗaya na leƙa wuyanta
yadda nake leƙa ƙafar babur da ya sha karo.
A karkace take.
Ya yi dariya, ya ce ashe makanike ne.

Ta ukun tana can ƙarƙashin tebur, ta sha ƙura,
shuɗiya, fentin ya koɗe inda wani yaro
da ban sani ba ya daɗe yana ɗora hannu.
Na danna tsirkiya da ƙaramin yatsana,
wanda bai yi kanta ba, mai kama da nata.
Ta sauka ba gardama.
Na ɗaga ta: ba ta fi galan ɗin mai nauyi ba.
Na miƙa zare. Ƙulli ya zauna daidai.

Zai jona ta a ɗan akwatin sauti
sai aka ɗauke wuta.
Fanka ta yi juyi biyu ta mutu.
Ya ce in dawo Litinin.
Na ce, Baba, wuta ai tana ƙofar shagonka.
Na kwance batirin babur ɗina,
waya ja nan, baƙa can,
ya taɓa tsirkiya ɗaya,
abin ya yi kuka har mai shayi ya leƙo.

Ya ce arba'in. Na ce ashirin.
Muka sha ruwa, muka yi zancen tsadar siminti.
Talatin ba ɗaya, da akwatin, da igiyar rataya.
Na goya ta a baya kamar jaririya,
na bi ta Yelwa a hankali ina kauce wa ramuka.

Asta ba ta yi ihu ba.
Ta wanke hannu tukuna, ba wanda ya sa ta.
Ta zauna a kan turmi, ta ɗauka,
ta juya wuyan zuwa dama.

Af!
Na auna tsawo, na auna nauyi, na leƙa karkata,
na manta 'yata bahaguwa ce.

Na ce kawo in juya miki tsirkiyoyin.
Ta rungume ta ta ce a'a,
haka ta zo, haka za su saba.
Mai kauri a ƙasa, siririya a sama,
ta kaɗa.

Kaji suka watse.
Uwarta ta fito da ludayi a hannu
za ta yi magana, ta fasa.

Zaren yana nan a aljihuna.
Baɗi zan sake aunawa.