Sarƙa Biyu a Gicciye

Asabar, an idar da asuba,
Toledo ba ta gama buɗe ido ba,
ni da Tasalla muna tsaye a bayan mota,
numfashinmu na fita fari kamar hayaƙin murhu.

Tirela suke ce mata a nan.
Na yi dariya ranar farko:
a gida tirela gari guda ce a kan titi,
wannan kuwa taya biyu ce da dogon wuya,
ga jirgi kwance a kanta kamar jinjiri a goye.

Na ce, yau ke za ki ɗaura.
Sauke bakin a hankali bisa dunƙulen ƙarfen nan.
Kada ki yarda da ido, ido maƙaryaci ne da sassafe.
Saurara. Sai ya ce ƙwas.
Danne sakata, zura fil,
sannan ki murza jak, mu ga ko zai ɗaga gindin motar.
In ya ɗaga, sun riƙe juna.
In zai zame, gara ya zame a ƙofar gida.

Sarƙa biyu, gicciya su ta ƙasa,
ta dama ta je hagu, ta hagu ta je dama.
Ta ce, Baba, don me?

Shekara tara ke nan, a hanyar Port Clinton,
na ji ƙarar da ban taɓa ji ba,
madubi ya nuna mini jirgi yana rawa ba kiɗa.
Ban sa fil ba. Sauri nake, wai kifi na jira.
Wuyan tirela ya faɗo kan sarƙoƙin nan,
suka tallafe shi kamar tafin hannu biyu,
bai caki kwalta ba.
Tsoho Lyle, maƙwabcina, shi ya gicciya su tun da daddare,
bai ce da ni uffan ba.
Ya rasu bara waccan.
Har yau ban gama gode masa ba.

Ban faɗa mata duk wannan ba.
Na ce, jona waya, koma baya ki tsaya.
Na taka birki. Ta ce, ja biyu!
Sigina. Ta ce, ta hagu na ƙifta ido, ta dama ta yi shiru.
Muka tsugunna, muka kankare tsatsa da wuƙar aljihu
har ita ma ta farka.
Ba a fafe gora ranar tafiya, in ji manya.
Amma ana ƙwanƙwasa shi.

Iskar taya, ɗaurin gaba, ɗaurin baya biyu.
Ta ja kowanne kamar mai jin haushinsa.

A hanya ita ke riƙe da sitiyari,
ni ina riƙe da harshena, ba ko yaushe ba.
Ba wa kwana fili, bayanki ya ƙara tsawo.
Bar rata, nauyin da kike ja yana da nasa ra'ayin.
In ya fara lilo kada ki daka birki,
ɗage ƙafa daga totur, bar shi ya huce.
Mil goma muka tsaya, ta taɓa cibiyar taya.
Ɗumi, ba zafi ba. Muka ci gaba.

Mahaifina a Yawuri bai taɓa ganin
kwalekwale ya hau hanya ba.
Nasa a ruwa yake kwana, a ruwa ya tsufa.
Da zai ce, ɗan nan, wane irin jirgi ne
sai an kai shi rafi kamar saniya?

A gangaren tafki ta yi ribas sau huɗu,
hannu a ƙasan sitiyari, wuya a murɗe.
Na biyar ya miƙe sak.
Na ɗaga hannu, na ce sake shi!

Ba ta sake ba.
Ta fito, ta zagayo, ta buɗe tafinta:
matoshin tagulla na ramin gindin jirgi,
wanda na manta a kan teburin kicin
kusa da kofin shayina.

Ta durƙusa ta murɗa shi a gurbinsa.
Ita ma ba ta ce uffan ba.