Rumbu Ya Cika

Na'urar ƙungiya ta ce rumbunta ya cika.
Ba gero a ciki, ba shinkafa.
Sunaye ne da lambobi,
shekara goma sha ɗaya ta manoman rani na Dadin Kowa
a akwatin da bai kai bulo ɗaya nauyi ba.

Ciyaman Bappayo ya leƙo, mukullin babur a yatsa:
"Share tsofaffin, Malama. Wa ke cin tuwon bara?"
Ya tafi ya bar ni da fanka mai gurnani
da wutar da ba ta yi alkawarin kai magariba ba.

Na buɗe na farko:
rasit ɗin shayi da burodi
na taron da aka tashi baram-baram.
Wannan ba ya bukatar istihara. Na goge.
Hoton injin ban-ruwa, shi ɗin dai, har sau tara.
Na bar ɗaya, takwas suka bi ruwa.
Hannuna ya saki,
ina shara kamar ta jajibirin salla.

Sai ga Kwairanga.
Taki buhu huɗu, bashi, ba a biya ba.
Kwairangan da aka kai makwancinsa damina biyu da suka wuce.
Ranar, an ce, liman ya juyo ya tambayi sahu:
"Akwai mai bin sa bashi?"
Kowa ya dubi takalminsa.
Mai amsar tana nan ofis, a kashe, an rufe ta da tsumma.
In na goge, na yafe abin da ba nawa ba.
In na bari, wata rana sabon ma'aji
zai yi sallama a ƙofar marayu da takarda a hannu.

Na tsallake shi, na sha ruwa.

Layi na gaba, Inna Dudu.
Ta biya kuɗin fili a bakin magudana ta uku,
ranar Laraba, a gaban shaidu biyu.
Ɗaya ya rasu, ɗaya ya koma Kumo.
Takardar hannunta gara ta yi kalaci da ita,
maƙwabcinta kuwa kowace shekara
kunyarsa na matsowa taki ɗaya, kamar mai jin sanyi.
Duk duniya ba wanda ya rage zai ce nata ne
sai wannan siririn layi.
Tuwon bara, Ciyaman?
Wannan iri ne.

Can ƙasa kuma ga wasiƙar tuhuma:
Yila, yana ɗan shekara sha tara, ya zuƙi man inji galan biyu.
Yau shi ke raba ruwa, ba a taɓa jin kansa da kowa ba,
'yarsa ta shiga aji uku.
Gari ya manta.
Na'ura ba ta san tuba ba,
yadda aka ba ta zancen haka take riƙe da shi, da zafinsa.
Ga hotunan katin shaidar mutum ɗari biyu da suka bar mu,
da lambobin wayarsu,
ajiyar da masu ita ba su san mun riƙe ba.
Tagar ofishin nan kuwa ko yaro zai ɓalle ta.

Na ɗora yatsa.
Ta tambaye ni da Turancinta ko na tabbata.
Ina fa!
Rumbun ƙasa in ka kwashe, ƙwaya na maƙalewa a tsaga,
wannan in ya share ko ƙaiƙayi ba ya bari.

Na jawo littafi mai bangon shuɗi, na ɗauki biro.
Kwairanga: a tambayi jama'a ranar Alhamis.
Inna Dudu: a buga kwafi biyu, ɗaya a kai mata gida.
Katunan waɗanda suka tafi: a nemi izini a goge.
Yila…
Biron ya tsaya a kan sunansa har tawada ta yi tabo.

Nan aka ɗauke wuta.
Fanka ta juya sau uku ta yi shiru.
Daga nesa ina jin ruwan dam yana sauka gonaki,
wani na bin magudana,
wani ƙasa ta shanye.