Tattabaru Goma, Gurbi Tara

Malam Tanimu ya kaɗe alli daga hannun riga,
ya ce, "Tattabaru goma, gurbi tara.
Ku ba ni hujja: dole biyu su kwana wuri guda."
Aji ya yi tsit, ba ka jin komai sai kukan fanka.

Daga bencin baya wani ya ɗaga hannu:
"Malam, nawa ba ruwansu da ƙirga,
ko gurbi ashirin ka ba su, bibbiyu suke kwana."
Aka tuntsire da dariya. Ni ban yi ba,
na hango ɗan gashin tsuntsu maƙale a kafaɗarsa,
ni ma ga ragowar dawa a aljihuna.

Didam ke nan, ɗan Sabon Tasha.
Ni Lurwanu, daga Tudun Wada.
Tsakanin gidajenmu akwai kogi, da gada,
da kuɗin mota hawa biyu da ba kullum muke da shi ba.

Shi ya iya zane, ni na iya hadda.
In na ɓace a tsakiyar lissafi
sai ya karɓi biro ya ja layi ɗaya,
ya ce, "Ga hanya nan, kai ka bi ta daji."
Daren jarrabawa aka ɗauke wuta,
muka ƙarasa bita gaban fitilar mai shayi,
biredi ɗaya, kofi ɗaya, ana miƙawa.
Mai shayin ya gaji da sauraro ya ce,
"Wannan abin da kuke nema tun magariba,
in bai da suna, ku bar shi ya kwana."

Murja ta shigo cikinmu a aji biyu.
Ba ta son tsuntsaye, wai suna ɓata mata shanya,
amma ita ta auna mana katakon sabon ɗakinsu
a bayan takardar da ta ci tamanin da bakwai,
mu muna fama da hamsin da 'yan kai.

Ranar da muka gama, ya ba ni fara mai ɗigon baƙi a wuya.
Na ɗaure ta sati uku, na ba ta gero, na ba ta kanwa.
Ina sakinta ta kewaya rufinmu sau biyu
ta miƙe kudu.
Da la'asar ya kira: "Baƙuwarka ta iso.
Zo ka ɗauka, Mama ta ɗora tukunya."

Sau goma sha ɗaya na haye gadar nan don tattabara ɗaya.
Sai daga baya na gane da gangan ya zaɓo ta.

Yanzu yana koyarwa a Kafanchan,
Murja na ƙirga kuɗin mutane a Kawo,
alli kuma ya dawo hannun rigata.
Duk shekara in na zo kan tattabaru goma,
nakan ɗan dakata kafin in rubuta hujja,
ina duban bencin baya.