Lamba Arba'in da Bakwai

Sun ba ni makulli da takarda,
rumfar siminti a sabuwar kasuwar Dukku.
Daɓe tas, ba kwata, ba ƙuda,
ba kuma mai saye.

A tsohuwa ba ni da lamba.
"Gindin tsamiya, kusa da Bappayo mai wuƙaƙe,"
haka ake aiko yaro ya same ni.
Yau Bappayo yana can layin gabas,
tsamiya ta shiga murhu.

Goggo Dija da nake bi kuɗin barkono
ta ce ta neme ni ta rasa.
Wataƙila ma gaskiya ne.

Jiya na ɗauki faifai biyu
na koma bakin kwalta, inda aka rushe.
Kafin la'asar tattasai ya ƙare.
Makullin kuwa
yana nan yana huda mini aljihu.