Layin da Ke Sauka

A Belo Horizonte, a hawa na uku,
kafin kofinta ya huce,
Jandira ta ɗaure wani ɗan zaren tsoka
tsakanin ƙugiya biyu, cikin ruwan gishiri mai ɗumin jiki.
Na ɓera ne. Bai fi ƙwayar shinkafa biyu ba.
Kumfa na tashi a gefensa
kamar mai ƙoƙarin yin magana.

A allon kwamfuta layi ya hau, ya ƙage.
Haka tsokar take yini,
damtse a dunƙule, ƙofar jini a tsuke.

Abin da ya daɗe yana ba ta mamaki ke nan:
wannan gaɓa ba ta miƙewa da ƙarfi.
Sai tsoka ta saki,
sai ta yarda,
sannan jini ya samu hanya
kamar ruwa idan an ɗage dutse daga bakin kwata.

Jijiya kan aiko da saƙo, 'yar iska ce mara launi,
saƙon ya haifi ɗan aike a cikin tsoka.
Amma akwai inzayim, mai shara marar haƙuri,
da ke kwashe ɗan aiken tun bai gama sallama ba.
Ƙwayar magani ba ta ƙirƙiro sha'awa.
Bakin mai sharar kawai take toshewa
don saƙo ya ɗan zauna.

Yau wani abu ne daban a bakin bututunta:
feftayid, duwatsu goma sha tara a zare guda,
an kwaikwayo shi daga dafin gizo-gizon
da ke laɓewa cikin nonon ayaba.
An zare masa kisa, an bar masa kira.
Ɗigo ɗaya.
Ta jira.
Motar bas ta yi ƙugi a titin ƙasa.

Valdomiro ma bas yake tuƙawa.
Shekara tara ciwon suga na cin jijiyoyinsa a ɓoye.
Da dare yakan daɗe wajen wanke kwanuka,
ya sake wanke wanda ya riga ya wanke,
har sai ya zaci ta yi barci.
Sannan ya kwanta a bakin gado, fuska ga bango,
kamar baƙon da bai biya kuɗin ɗaki ba.
Ba su taɓa kiran abin da suna ba.

Layin ya girgiza.
Ya soma gangarowa, sannu,
sannu,
kamar kafaɗar wanda aka ce wa ba laifinsa ba ne.

Ta rubuta: kashi sittin da ɗaya.
Ɓera ba mutum ba ne, ta sani,
tsakanin kwanon gilashi da gadonsu akwai shekaru.

Da yamma ta tsaya ta sayi burodin cuku, mai zafi.
Ta tarar da shi a gaban famfo.
Ta kashe ruwan,
ta karɓe farantin daga hannunsa,
ta bar tafinta a tsakiyar bayansa
har ta ji numfashin ya sauka.