Bakwai Shida a Jere

Kawu Arzika ɗan canji ne a Kamba,
shekara talatin yana juya sefa zuwa naira
a rumfar kwano, daf da tasha.
Yatsunsa sun fi idonsa sanin kuɗi.
Amma akwai takardun da ba sa komawa kasuwa.

A gida, cikin tsohon littafin lissafi,
kowane shafi da baƙuwarsa:
ashirin ta takarda, tun kafin zuwan ta leda,
wata hamsin da aka yanka a karkace
har wuƙa ta ci gefen rubutu,
ɗari biyu mai lambar da ko ta ina ka faro
abu ɗaya za ka karanta.

Na ce, Kawu, ai kuɗi kuɗi ne.
Ya ce, kifi ma kifi ne,
je ka faɗa wa masuntan Dolekaina.

Tsufa kaɗai ba ya isa, in ji shi,
tsohon kuɗi na ƙarƙashin kowace katifa.
Abar nema ita ce wadda ta fito daga ɗauri
ba ta sha gumi ba, ba ta kwana a lalita ba,
ba manja, ba lissafin wani a bayanta,
ko wadda inji ya yi tuntuɓe a kanta
aka gyara shi kafin ya sake.

Sarauniyarsu dubu ɗaya ce, bakwai shida a jere.
Sai ya wanke hannu yake buɗe shafinta.
Wani ya taso tun daga Birnin Kebbi
ya taya ta da kuɗin rago.
Kawu ya ce albarka.

Sai shekarar da tsabar kuɗi ta ɓuya,
har ɗan canji ya wayi gari aljihu wayam.
A daren nan jikarsa Hajo ta kwanta da zazzaɓi.
Waya ta ƙi tura ko kwabo.
Mai kemis ya ce, a hannu kawai.

Na bi shi da tocila.
Ya miƙa ta a shimfiɗe bisa tafi biyu
kamar mai miƙa jariri ran suna.
Yaron bai dubi lamba ba.
Ya ninke ta biyu, ya ninke ta huɗu,
ya cusa aljihu inda guntun goro yake.

Hajo tana aji uku yanzu.
Shafin nan fanko ne, bai sa wata ba.
Amma in ka ba shi dubu a rumfa, yi haƙuri,
sai ya ɗaga ta sama, ya matse ido,
leɓensa na motsi,
kafin ya ƙirga maka sefarka.